Jitar Kawu a Cikin Rumbu

Duk ranar da na buɗe sif ɗin kayana, ƙamshin sabuwar atamfa ya bugi hancina, sai kunnena ya jiyo jitar Kawu. Bari ka ji yadda aka yi.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, direban babbar mota. Daga tafiye-tafiyensa ya dawo da jita da wata 'yar amfilifaya mai batir, girmanta bai wuce akwatin rediyo ba. Kiɗan kaboyi yake yi, irin mai jan tsirkiya a hankali kamar mutum na kewar gida. Kaka ba ta so, amma ba ta taɓa hana shi ba, tunda da an kira salla zai jingine ta.

Sau ɗaya a shekara yake ɗaukar kiɗansa a kaset: farkon damina, lokacin da rumbunmu ya ƙare, sai ƙaiƙayi a ƙasa. Ya kan sauka ciki da kayansa, ya rage sautin amfilifayar, ya ajiye rakoda taƙi ɗaya daga bakinta, ya ɗan karkatar da ita gefe. Mu yara muna zaune a gindin rumbu, ƙasa na ƙamshin ruwan fari, sautin na fitowa ta jinka, mai ɗumi, mai taushi. Manya na zullumin hatsi ya ƙare, ni kuwa, Allah Ya yafe mini, murna nake.

Shekarar korona ta same ni a Doha, a bene na uku a Al Thumama. An kulle mu, jirage sun tsaya. Daga taga ba abin da nake gani sai filin ƙwallon da ake ginawa, mai kama da farar hula. A lokacin aka ce Kawu ya kwanta, yatsunsa ba sa ko riƙe cokali, kaset-kaset ɗin kiɗansa kuma duk sun lalace. Atamfofin tsarabar da na saya suna jibge a sif, ba hanyar zuwa.

Maigidana injiniya ne, zaman kulle ya sa shi komawa ga jitarsa da amfilifayarsa na samartaka. Na riƙa rera masa kiɗan Kawu da baki har ya iya. Muka ɗauka a falo, ya ƙure sauti don Kawu ya ji da kyau, muka tura. Amsa ta dawo da muryarsa a shaƙe: "Ɗiyata, gaya wa surukina wannan gwangwani ne."

Na yi kuka, na yi dariya. Tayil ne da gilashi ko'ina a gidan, sautin ba shi da wurin kwanciya, kamar mu. Ina ninke sallaya bayan la'asar abin ya faɗo mini.

"Baban yara, shiga sif."

"Ni? Da girmana?"

"Ba kai ba, amfilifayar. Kuma rage ta."

Muka zagaye ta da atamfofin, na auna taƙi ɗaya da hannuna na ajiye waya, na karkatar. Muka kashe esi saboda gurnaninsa. Gumi na ɗiga daga gemunsa yana cewa, "Khalas, shi ke nan, wannan ne na ƙarshe," sai da muka yi sau bakwai.

Washegari saƙo ya zo. Kawu ya ce, "A rumbun wa kuka shiga?"

Ya rasu kafin jirage su tashi. Allah Ya jiƙansa. 'Yarsa ta ce kullum da hantsi sai an kunna masa.

Da gasar kofin duniya ta zo, ihun filin nan har tagogina yake girgizawa. A gida kuma an rushe rumbun, hatsi yanzu a buhu yake cikin sito. Atamfofin na rabar da su, ban da turmi ɗaya. Yana nan inda muka jingina amfilifayar, har yau ban kai shi wa tela ba.