Ranar da Bunu Ya Shiga Tattasai

In ka taɓa kwana kan katifa mai faci a Diffa, da wuya in ba aikin Bunu ba ne. Rumfarsa tana bayan kasuwa, cike da guntayen soso. Amma ni da na yi maƙwabtaka da shi na san zuciyarsa ba ta wurin katifa. Tun yana saurayi yake bin 'yan wasan kwaikwayo na gidan matasa, yana ɗaura musu labule, yana ɗinka musu tumbin ƙarya, amma ko sallama ba a taɓa ba shi ya faɗa a fili ba. Da ya ga idon jama'a sai harshensa ya ɗaure.

Wata shekara ana shirin bikin manoman tattasai na bakin kogin Komadugu, sai Mushe Umara (mu nan Mushe muke ce wa malamin lakwal, wato makarantar boko), wanda ke shugabantar 'yan wasan, ya zo neman ƙaton tattasai na soso wanda mutum zai shiga ciki.

"Zan yi, Mushe," in ji Bunu, "amma ni zan shiga. In ba a ganin fuskata, magana za ta fito."

Mushe ya yarda, don ba shi da wani mai soson. Maganar ma guda ce: "Ni ne arzikin Komadugu."

Bunu ya je kantin kayan gini na Alhaji Ilu, mutumin Damagaram, ya sayo waya da gam da jan fenti. Ya lanƙwasa wayar, ya lulluɓe ta da soso, ya yi wutsiya da koren tiyon ban ruwa, ya rufe wurin fuska da ƙyallen gidan sauro. Da fenti ya bushe sai ya tsaya yana hararar abin.

"Wannan ai jan bokiti ne," ya ce. "Ɗan manomi zai kai wannan gaban manoma?"

Sai ya shiga ɗakin matarsa Kaltumi ya kwaso garin tattasanta, wanda ta daka da barkono don miya. Ya shafa gam, ya barbaɗa. Har ciki ya barbaɗa, wai kada a ce ya yi ha'inci. Na yi magana, ya ce me na sani a kan tattasai. Kuma gaskiya abin ya yi kyau, har ka so tsinka.

Ranar biki rana ta take. Manyan ma'aikata suka cika kujerun gaba, manoman Tumur da Barwa suna tsaye a baya. Aka buga ganga, tattasai ya fito yana rawa. Duk tsallen da ya yi, soso ya matsu, jan gari ya tashi. Atishawa ta fara daga kujerar tsakiya ta bazu. Kafin ka ce me, manya sun toshe hanci da hula suna neman ƙofa.

Manoma kuwa ko gezau. Mutanen da suka tsufa a wurin shanyar tattasai, wannan ɗan garin ne zai kore su? Sai ma suka matso suka zauna a kujerun da aka bari.

A ciki, gumi ya haɗu da barkono. Mushe yana bayan labule yana ɗaga hannu a sauka, amma Bunu ba ya ganin komai. Ya tsaya cak. Ya yi atishawa har wutsiyar ta faɗi. Na ce shi ke nan, harshen ya sake ɗaurewa. Sai muka ji murya daga cikin soso, kamar ta mai kiran salla:

"Ni ne arzikin Komadugu!"

Wuri ya ɗauki tafi da guɗa.

A bayan labule Kaltumi ta yi ta wanke masa fuska da nono, tana faɗan garinta da aka ƙarar. Idanunsa sun kumbura, ba sa buɗuwa. Ban taɓa ganin mutum cikin azaba da farin ciki lokaci guda haka ba.

"Kaltumi, muryata ta kai baya?"

Ta daina faɗan. "Ta kai, Baban Aisa. Har masu sayar da ruwa a bakin titi sun juyo."

Nono yana ta ɗiga daga gemunsa. Can ya laluba ya kamo hannun rigata.

"Je ka tambayi Mushe," ya ce, "ko baɗi za su buƙaci albasa."