Ranar da Aka Daina Tsokanar Abdulbaƙi

Abdulbaƙi mutumin Bichi ne, ya ba arba'in baya, kuma duk ɗan kasuwar Kano da ya taɓa zuwa Kuala Lumpur sarin yadi ya san shi. Shi yake tarye su a filin jirgi, ya zaga da su shagunan Jalan Masjid India da na Jalan Tuanku Abdul Rahman, ya yi musu ciniki da yaren Malay har mai shago ya dafe kai, sannan ya ɗaure kaya ya kai wa masu jigila. Mutum ne mai amana da fara'a. Aibinsa guda ne: ƙwallon Ostareliya.

Ba ƙwallon da kuka sani nake nufi ba. Wannan mai siffar ƙwai ce. Na fara ganin irinta muna makarantar mishan, wani malaminmu Bature ya zo da ita, muka ɗauka a jirgin ruwa aka danne ta da akwati. Amma wasan 'yan Ostareliya daban ne da wanda ya koya mana. Filinsu ma kamar ƙwai yake, mutum goma sha takwas kowane ɓangare, ana kamawa da hannu ana bugawa da ƙafa, kuma babu raga. Sanduna huɗu ne a tsaye. In ƙwallo ta bi ta tsakanin na tsakiya, maki shida. In ta kauce ta bi ta gefe, maki ɗaya.

Yadda ɗan Bichi ya faɗa cikin wannan abu, ga shi. Yana saurayi aka yi masa alkawarin tallafin karatu zuwa birnin Malbon na Ostareliya. Ya zauna ya haddace garin tun daga gida: titunansa, sanyinsa, har ya zaɓi ƙungiyar da zai riƙa goyon baya don kada ya je ya zama baƙo. Ana gab da tafiya aka ce an sauya, Malesiya za su. Ya zo, ya gama digirinsa na biyu a jami'ar da ke unguwar Lembah Pantai, ya auri Kamila, ya shiga harkar yadi. Har yau bai taka Ostareliya ba. Amma ƙungiyar nan bai sake ta ba. Ba zan faɗi sunanta ba, abin da take ciki ya ishe ta. Mu dai 'yan Abdulbaƙi muke ce musu.

Ni da na zo zama wurin 'yata da take koyarwa a jami'a, a mamak ɗin ƙasan benenmu na san shi, wato shagon shayi da abinci na Indiyawa Musulmi. Talabijin ɗaya ce a wurin, a maƙale a bango. Dokar mai shagon kuwa mai sauƙi ce: wanda aka miƙa wa rimot, shi ke da akwatin har wasansa ya ƙare. Abdulbaƙi ya daɗe yana kawo masa baƙi 'yan kasuwa, saboda haka in lokacin wasansa ya yi, shi ake miƙa wa.

Zama kusa da shi lacca ce. A ganinsa masu tsara jadawalin wasa sun tsane shi, shi Abdulbaƙi, da sunansa.

"Baba, duba min nan. Wasan daren Juma'a a can, yamma ce a nan. Ana shiga zango na uku ake kiran magariba. Kafin in dawo daga masallaci an zuba mana uku. Wannan ba shiri ba ne?"

Na ce masa mutanen Malbon ba su san lokacin magaribar unguwarmu ta Pantai Dalam ba.

"To su tambaya mana!"

Masu sharhi ma ba su tsira ba. Ya ce duk 'yan manyan ƙungiyoyi ne, in tasa ta ci sai su ce sa'a ce. Tashar kuma da an zura ƙwallo sai ta sako tallan mota, wani lokacin ta cire wasan ɗungurungum ta sa badminton. 'Yan wasansa kuwa, in ji shi, zakuna ne a zangon farko, tumaki a na ƙarshe, kuma sun fi kowa ƙwarewa wajen bugun maki ɗaya.

Abokan tsokanarsa su ne Najib da Alkasim, ɗalibai 'yan kwaleji masu zaman jiran rimot don su kalli ƙwallon Ingila. Ba sa gaishe shi sai da zolaya.

"Yaya Abdulbaƙi, ya masu ƙwai? Yau nawa aka fasa muku?" in ji Najib.

"Wasan da ake ba mutum maki don ya ɓarar!" in ji Alkasim. "Da haka jarrabawa take, ai da na zama farfesa."

"Rufe min baki, ɗan raga. Ku da za ku zauna awa biyu a tashi babu ci."

A haka ake shan shayi, kowa ya tashi da daɗin rai.

Sai ga wata shekara 'yan Abdulbaƙi sun farka. Suka yi ta ci har suka kai wasannin ƙarshe na watan Satumba, inda wanda ya faɗi ya tafi gida. Tun da yake bin su bai taɓa ganin sun kai nan ba. Aka sa wasan ranar Juma'a. A ranar kuma Gwaggo ta sauka.

Gwaggo yayar mahaifinsa ce, babbar 'yar kasuwa a Kwari, ita ta goye shi. Ta zo sarin hijabi da leshi, kwana biyu kacal za ta yi. Ba a ce wa Gwaggo ta jira a gama ƙwallo. Abdulbaƙi ya bincika ya ga tashar za ta maimaita wasan da safiyar Asabar. Buƙatarsa guda: ya zauna gaban akwatin nan bai san sakamako ba, ya ji faɗuwar gaba irin ta kowane magoyin baya. Ya kashe datar wayarsa, amma kafin nan ya tura saƙo guruf ɗin 'yan arewa, yana roƙon kada wanda ya yi masa maganar ƙwallo har sai ya kalla.

Gwaggo ta ga yana ta zufa a cikin shagon leshi mai sanyi, ta tambayi dalili. Da ta ji, sai ta karɓi wayar Kamila ta tura nata saƙon, da murya. Na saurare shi sau biyu. Ta ce ta ji akwai wasu yara marasa kunya da ke damun ɗanta, kuma ta san gidan kowannensu a Kano, gobe duk wanda ya ɗaga masa murya, uwarsa za ta ji kafin azahar.

Da safe ina zaune ina cin roti canai, wata irin gurasarsu, sai ga Abdulbaƙi, sanye da rigar ƙungiyarsa a kan wandon kaftani, Gwaggo na biye da shi. Najib da Alkasim suka miƙe tsaye. Najib ya rusuna.

"Ina kwana, Yaya."

Alkasim ya ja masa kujera, ya goge ta da hannun rigarsa. Ba wanda ya yi dariya. Wani ɗalibi ya sunkuyar da kai yana juya cokali. Najib ya ɗaga hannu ya sa a kawo wa Yaya te tarik, shayinsu mai madara, ya ce a rubuta a kansa. Najib, wanda ban taɓa ganin ya saya wa kowa ko ruwa ba.

Abdulbaƙi ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Bahaushe ya san irin wannan zaman. In ka shiga wuri masu zolayarka suka miƙe, aka ja maka kujera, aka miƙo maka abin sha ba ka nema ba, kowa na kallon ƙasa, to babu buƙatar a ce maka ya haƙuri. An riga an faɗa.

"Har haka abin ya yi muni?" ya tambaya a hankali.

Najib ya saci kallon Gwaggo, ya ƙara sunkuyawa. "Sha shayinka, Yaya."

Mai shago ya zo da rimot. Abdulbaƙi ya riƙe shi kamar mai karɓar gaisuwa, sannan ya tura shi gaban Alkasim.

"Ku kalli naku. Ba zan zauna ina gani ana yanka su ba."

Ya fita. Yaran suka ɗan jira, sannan suka sa maimaicin wani wasan Ingila, murya ƙasa-ƙasa. Gwaggo ta ci gaba da cin rotinta tana cewa ai gara haka.

Bai kai tashar jirgin ƙasa ba zuciya ta ci shi, ya ce bari dai ya ga da nawa aka lallasa su. Ya kunna data.

Mun jiyo shi tun daga bakin titi. Ya shigo yana haki, waya a sama.

"Mun ci! Mun ci da maki ɗaya! Bayan an busa tashi aka buga ta! Ku kuka ce an cinye mu!"

"Mu?" in ji Najib. "Wallahi ko dubawa ba mu yi ba, Yaya. Wa zai ɓata datarsa a kan ƙwai?"

"To me ya sa kuka goge min kujera?"

Su biyun suka nuna Gwaggo da ido.

"Ni tarbiyya na koya musu," in ji ta. "Laifi ne?"

Ya juya wurin mai shago yana neman rimot. Mutumin ya girgiza kai, ya nuna Alkasim. "Tak boleh, lah," ya ce, wato ba zai yiwu ba. Doka doka ce, sai wasan yara ya ƙare. Alkasim kuwa ya riƙe abinsa da hannu biyu, cikin ladabi. Da wasansu ya ƙare, maimaicin Ostareliya ma ya ƙare. Abin da Abdulbaƙi ya samu shi ne masu sharhi uku a zaune suna cewa wanda bai ga wannan wasa ba ya yi asarar da ba ta mayuwa.

Ya zube a kujera. Shayin da Najib ya saya masa ya huce a gabansa. Can ya ɗago.

"Gwaggo, don Allah ki janye maganarki. Ku kuma daga yau, ko mun ci ko an ci mu, in na shigo ku zage ni kamar kullum. Wanda ya ƙara rusuna min, ni zan kira uwarsa."

Najib ya dubi Gwaggo. Ta ɗaga kafaɗa, ta ce su suka sani.

"To Yaya," ya ce, yana janye kofin shayin zuwa gabansa, "yanzu mun gano sirrin. Ashe in ba ka kallo suke ci. Mako mai zuwa ma ka bar mana rimot ɗin."