Ni Da Ita Muka Yi Laulayi

Shekarar da matata ta samu cikin fari, duk Ajingi babu hancin da ya kai nata aiki. Tun ina zaure, ban ko cire takalmi ba, sai in jiyo ta a tsakar gida tana kakarin amai.

"Don Allah Malam, tsaya daga nan. Ka sha abin nan."

Abin nan taba sigari ce. Tun ina saurayi nake sha, a haka ta aure ni, iyakarta ɗan yamutsa fuska. Da ciki ya zo, warin ya zame mata abin tayar da zuciya. Na koma sha a bakin titi, ta ce rigata ce ke wari. Na riƙa canja riga a zaure, ta ce gemuna ne. Gemun kuwa bai fi a ƙirga gashinsa ba.

Ranar da na kai ta awo Gaya a babur, malamar asibiti ta tambaye ta abin da ke sa ta amai haka. Sai matata ta waiwayo ta dube ni ta taga. Aka kira ni ciki. Malamar ta ce hayaƙin da nake busawa har abin da ke cikin yana samu. Na ce ai a waje nake sha.

"To Alhaji, ka bar ta a wajen gaba ɗaya mana," in ji ta.

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma wannan Alhajin ya ratsa ni. Nan take na ɗauki alkawari a gaban mata masu ciki cike da benci.

Daga nan laulayi ya zama na mutum biyu. Ita tana kwaɗayin tsamiya da goruba, ni ina fama da hamma da ciwon kai da neman faɗa. Na taɓa tsayawa ina yi wa akuyar maƙwabci masifa, har mai ita ya fito ya ba ni haƙuri yana yi min kallon mara lafiya. Sana'ata awon gyaɗa ce a kasuwa, bakin da ya saba da aiki kuwa ba ya zama haka kawai. Na kama tauna daga safe har la'asar, in gyaɗa ta gundure ni in koma rake. Kafin kaka ta wuce riguna sun fara matse ni. Inna, mahaifiyata, ta dube mu zaune a tabarma ta ce, "Ni kam ban san wa zai riga wani sauka ba a cikinku."

Sau ɗaya na zame. Na sayi kara ɗaya a tasha, na zuƙe, na bi da ɗanyar albasa don ɓatar da sawu. Ina shiga gida ta toshe hanci ta ce, "Yau kuma biyu ka haɗo min?" A zaure na ci tuwo ranar. Ban ƙara ba.

Allah ya sauke ta lafiya, aka samu mace. Da safiyar suna wani tsohon abokin shan tabata ya zo daga Toranke, ya ja ni gefe ya danƙa min kara ɗaya, wai na barka. Na ji kunyar mayar masa, ga mutane suna ta shigowa, sai na soke ta a naɗin hulata, da niyyar in yar daga baya. Na manta.

Surukina malami ne, shi ya ja addu'a. Na durƙusa a gabansa zan yi godiya, na sunkuyar da kai sosai irin na ɗan kirki, sai ga tabar ta faɗo a kan buzunsa. Ya ɗauka da yatsu biyu, ya miƙo min.

"Ka yar da kayanka," in ji shi.

Na fara rantsuwa cewa na daina tuntuni. Ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "Allah ya sa a daina." Duk zauren aka amsa da amin, har da wanda ya ba ni, kuma tasa ta fi ta kowa ƙarfi.