Sunan da Bai Kai ga Jikanmu Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Malam, amma har yau in an kira "Harrowgill" a asibiti, sai na waiwaya ina nemansa kafin in tuna ni ake nufi.

Baƙar fata ne haifaffen garin Greensboro a Amurka. Da ya musulunta ya ɗauki sunan annabin da 'yan'uwansa suka jefa rijiya, amma sunan gidansu ya ƙi saki. Dattawanmu a masallaci sun sha ce masa, "Malam, sunan Baturen da ya bautar da kakanninka ne fa, yar da shi." Taurin kai gare shi, Allah ya ji ƙansa. Maimakon ya yar, sai ya bi diddiginsa har wani kwazazzabo na makiyayan tumaki a arewacin Ingila. Daga can wani ya tsallako teku, ya yi gona wajen Pleasant Garden, kusa da Greensboro, ya laƙa wa bayinsa sunan. A Ingila, in ji Malam, masu shi sun kusa ƙarewa. Jikokin bayin ne suka riƙe shi.

Wata Asabar ya kai ni bayan gonar, ya nuna mini kaburburan bayin, duwatsu kawai cikin ciyawa, babu rubutu ko ɗaya. Ya ce, "Ba don Baturen na riƙe ba. In na yar, da me zan kira waɗannan?"

Bana aka yi wa ɗanmu Bashir haihuwa. Ranar suna ya durƙusa gabana ya ce, "Mama, Yusuf Bashir za a sa, irin na gida. Ba na so ya yi ta bayanin sunansa a makaranta kamar yadda na sha." Ban ga laifinsa ba. Haka ake yi a garinmu Kano, ɗa ya ɗauki sunan ubansa. Amma ko taɓa tuwon sunan nan ban yi ba.

Da Malam yana nan, na san zai rungume takwaransa yana dariya, sannan ya fita baranda shi kaɗai.

Yaron ya ɗauko kunnuwan Malam, da sunan da kunya ba ta taɓa bari na faɗa ba. Maigida nake ce masa. Harrowgill kuwa, a gidanmu daga ni sai Bashir ya ƙare.

Na koma gonar ni kaɗai. Ciyawa ta rufe duwatsun. Na yi musu addu'a, na kira sunan da harshena na Kano da bai taɓa iya shi daidai ba, saboda bayanmu babu mai zuwa ya kira.