Muryar Ɗan Farin Bilyamin Mai Nadi

Duk wanda ya bi hanyar Abu Na'ama ya gangara wajen kogi, zai iske wani ƙauyen Hausawa da ake kira Hillat Almu. In ta gabas ya shigo, abin da zai fara gani wata doguwar rumfa ce ta kara da kwano, da faifan dish a kanta duk ya yi tsatsa. Nadin Bilyamin ke nan. Nadi muke ce wa gidan kallo, inda samari ke taruwa a gaban talabijin. Mai wurin yana nan da ransa, dogon mutum da ya fara ranƙwafawa, hannayensa sun yi baƙi da man inji.

Kakansa ne ya baro ƙasar Sakkwato a ƙafa da niyyar Makka, ya zo bakin kogin nan ya ce bari ya yi damina ɗaya. Ga kabarinsa can bayan masallaci. Shi Bilyamin ya yi tsinkar auduga a Jazira tun yana ƙarami, ya yi yankan riɗi a Dinder, daga baya ya koyi gyaran babur, wato injin ban ruwa, har ya zama in babur ya yi tari a gonar wani, shi ake tasowa. Ya auri Juwairiyya, Allah ya ba su namiji, aka maida masa sunan mahaifin Bilyamin, Saifuddeen.

To, ka ji inda abin ya fara. Ɗan fari ne, kuma mai sunan uba. A wurinmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a zama hira da shi. Kunya ce muka gada. Ana yaye shi aka miƙa shi ɗakin kakarsa, Hajja Aminat, can ya tashi. Wanda bai san mu ba zai ce ƙiyayya ce. Ina! Bilyamin ya taɓa kwana uku bai ci abinci ba da yaron ya yi zazzaɓi, amma ko leƙa ɗakin bai yi ba, sai dai ya tsaya bayan danga yana gyara abin da bai lalace ba. In dole ta kama a ambace shi, sai ya ce "yaron nan". Juwairiyya kuwa "wancan" take cewa, ta kau da kai.

Da dish ya fara shigowa ƙauyuka, Bilyamin ya sayar da awakinsa ya sayo talabijin daga Damazin, ya haɗa da wani tsohon janareta da ya tayar da hannunsa. Tsofaffi suka yi ta tsine wa abin. Samari kuwa suka cika rumfa, ana kallon ƙwallon Turai, da wasannin Turkiyya da aka juya da Larabci, wani lokaci fina-finan Kano, su yi ta dariyar yadda 'yan can ke magana. Da Saifuddeen ya zama saurayi, shi ya karɓi cikin nadi: shi ke hawa rufi ya juya dish, shi ke riƙe da rimot, shi ke raba gardama. Uban ba ya shiga inda ɗan yake zaune. Wurinsa bayan rumfa ne, kusa da janareta, inda ƙara ba ta barin ka ji ko tarin kanka.

Maganarsu ba ta wuce ta aiki.

"A duba waya."

"To, Baba."

"Mai ya yi ƙasa."

"An sayo."

Kuma da murya ƙasa-ƙasa, kai a sunkuye, kamar mai gaida surukai. Haka suka yi shekaru, kowa na ganin ya kyauta wa ɗan'uwansa.

Shekarar da ta gabaci korona, wata yarinya ta sauka daga motar Damazin da jaka a kafaɗa. Fauziyya sunanta, Bahaushiya ce 'yar Damazin, tana karatun digiri na biyu a wata jami'a a Khartoum. Bincike ta zo yi kan yadda talabijin ke sauya samarin ƙauye: me suke kallo, wane aski suke kwaikwayo, da wane harshe suke zagin alƙalin wasa, wa suke so su zama. Dattawa suka zauna a inuwar masallaci suka yi ta juya maganar. Mace, a nadi? A ƙarshe suka yarda da sharaɗi: ba hoto, ba suna, kuma in ta gama a shafe muryoyin. Ta ce dama dokar malamanta ke nan, duk wanda ya yi magana asirinsa a rufe yake.

Ta yi makonni tana zuwa da la'asar. Takan aje 'yar na'urarta a kan benci, samari su kewaye ta, wani lokaci kuma ta ware mutum ɗaya su zauna ƙarƙashin aduwa. Bilyamin yakan hango su daga wurin janareta. Ranar da ta zauna da Saifuddeen, ya ga ɗansa yana ɗaga hannu, yana dariya har da buga cinya, yana magana ba ji ba gani har inuwa ta juya. Ya yi mamaki ƙwarai. Ashe yaron nan yana da baki haka?

Ranar da za ta tafi, ta iske Bilyamin a inuwar masallaci cikin sa'o'insa, ana shan jabana, wato gahawa. Ta durƙusa ta gaishe su, sannan ta ce, "Baba Bilyamin, duk hirar da na ɗauka zan shafe kamar yadda muka yi. Amma Saifuddeen ya ce tasa in ba ka ka ji. Shi ya roƙa da kansa. In sa maka a waya?"

Yana so, so na gaske. Amma ga Alhasan, ga Mati, ga liman, duk sun zuba masa ido, Mati har ya fara murmushin tsiya. Yarinyar birni ce, ba ta san ba a kawo wa uba zancen ɗan fari a bainar jama'a ba. Da ta same shi shi kaɗai bayan rumfa, da an wuce wurin. Sai ya kaɗa hannu ya ce, "Mi zan yi da surutun yaron nan? Shafe abinki, ɗiyata."

Aka yi dariya, aka yaba masa. Ita kuma ta ɗauki maganar babba a yadda ya faɗe ta.

Hajja Aminat ta rasu a bazarar da ta biyo. Sannan yaƙi ya ɓarke a Khartoum, mutane suka ce ai nesa ne, har ya gangaro ya same su a wata damina. Hanyoyi suka rufe, mai ya yi wuya. Saifuddeen ya bi wata lori zuwa wajen Dinder neman man janareta, ya ce wa ƙanwarsa a aje masa tuwo. Lorin ba ta dawo ba. Wani ya ce masu bindiga sun sauke samari a hanya sun tafi da su, wani ya ce an gan shi a wajen haƙar zinariya, wani ya ce a yi masa salla kawai. Ba gawa, ba labari. Abokansa na nadi suka watse, wasu Habasha, wasu Gadarif, wasu inda ba a faɗa.

Bilyamin bai yi kuka a gaban kowa ba. Ya ci gaba da share rumfa, ya jera bencuna, ya lulluɓe talabijin da tsumma. Da farko, in iska ta kaɗa kwanon rufi da rana tsaka, yakan ji kamar an ce "To, Baba" daga sama, ya ɗaga kai da sauri. Tsoro yake ji, amma yana so. Abin da ya fi tsoro shi ne ranar da ya daina ji. Ya zauna ya nemi muryar a cikin kansa, ya rasa. Fuskar tana nan, tafiyar tana nan, tabon gwiwa yana nan. Muryar ce ta tafi. Ya gwada ya tuna, sai ya ji tasa muryar ce ke cewa "To, Baba". Ranar bai iya cin abinci ba.

Da hanya ta ɗan lafa, ya ce wa Juwairiyya zai je Damazin neman wani ƙarfe. Ta dube shi ta ce, "Allah ya sa a samu, Malam." Ta san ba ƙarfe ba ne.

Ya sha tambaya kafin ya gano Fauziyya. Ta gudo daga Khartoum da kayan jikinta da wayarta kawai, tana koyar da yaran 'yan gudun hijira a wata makaranta. Ta rame. Ta gane shi nan take, ta shimfiɗa masa tabarma a inuwar aji, ta kawo ruwa. Ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi iyaye, ya tambayi hanya, ya koma ya sake tambayar iyaye. Sannan ya ce, idonsa a ƙasa, "Ustaza, abin nan da kinka ce ki ba ni. Na yaron nan."

Ta riga ta ji labari.

"Baba, na shafe. Tun a shekarar. Kai ka ce in shafe."

"Na ce."

"Rubutun binciken ma yana Khartoum, ban san ko gidan na tsaye ba. Kuma ko yana nan, ba sunan kowa a ciki."

"To mi yac ce? Ke kin ji da kunnenki."

Nan idonta ya kawo ruwa. Ta ce ta yi hira da samari masu yawa a ƙauyuka daban-daban, shekaru sun wuce, yaƙi ya bi ta kanta. Ta tuna yana da ban dariya. Ta tuna ya yi maganar babansa, ya daɗe a kai. Amma me ya ce? Ta matsa goshi, ta ce ba za ta yi masa ƙarya ba, ta manta. Ni kam na jinjina mata a nan, don da wata ce da ta ƙirƙiro masa daɗin baki ta sallame shi.

Har ya fara neman takalmi, sai ta ce ya dakata. Akwai wani guntu da ta taɓa tura wa malaminta ta waya don ya ji yadda nadi yake, ta manta ba ta goge ba. Ba hirar mutum ɗaya ba ce, gardama ce ta samari bayan an tashi daga ƙwallo. Ta tabbata Saifuddeen yana ciki, don ba a gardama a nadin nan ba tare da shi ba. Ta san bai kamata ta ba kowa ba, ta yi alkawari. Ta dubi tsohon, ta danna.

Sai ga nadinsa ya taso daga cikin wayar. Ga ƙarar janaretansa can baya, ya gane ta tun kafin komai, har da ɗan tarin da take yi. A gaba kuma samari ne ke ihu da Larabci, suna katse juna. Akwai mai kaurin murya da ke rantsuwa. Akwai mai saurin baki da ke tsokanar kowa. Akwai wani da ba ya gama magana sai dariya ta ƙwace masa. Guntun bai kai tsawon shan kofin shayi ba ya ƙare.

"Wanne ne shi, Baba?" in ji Fauziyya. "Ni na kasa rabewa."

Ya ce ta sake. Ta sake. Ya kara kunne har yana taɓa wayar. Bai taɓa jin ɗansa ya ɗaga murya ba. Bai taɓa jin sa da Larabci ba. Dariyarsa ma daga nesa ya gan ta, bai ji ta ba. Wadda za ta gane shi ko a cikin kasuwa, Hajja Aminat, tana ƙasa.

"Sake, ɗiyata."

Ta sake har yara suka fito tara suka tsaya suna kallonsu. A ƙarshe ta tura masa guntun a wayarsa, ta nuna masa inda zai danna.

Da ya koma gida, ya iske Juwairiyya tana tankaɗe. Ya aje wayar a kan turmi ya danna. Ta tsaya da rariya a hannu har aka gama. Ta ce, "Mai dariyar nan ne." Can kuma ta ce, "Ko kuwa mai kaurin." Sai ta aje rariyar ta shiga ɗaki ta ja labule. Ƙanwar Saifuddeen ta saurara ta ce ita da Hausa yake yi mata magana, kuma a nadi duk ihu ɗaya suke yi.

Yanzu man janareta ya fara samuwa, wasu sababbin samari suna leƙowa suna tambaya ko za a buɗe nadi. Yakan ce sai an gyara dish. Da la'asar yana shiga cikin rumfar, wurin da bai taɓa zama ba a da, ya zauna a benci na gaba ya kara waya a kunne. Wata rana mai dariyar ne ɗansa, ya wuni da shi. Wata rana mai saurin bakin ne. Mati ya taɓa iske shi a haka, ya zauna gefensa ya tambaye shi ko ya gano.

"Ɗaya daga cikinsu nawa na," in ji Bilyamin. "Ban san wanne ba."

Ya sake dannawa.