Muryar yayana da ragowar batir

Shekarun baya, lokacin ina da ɗan shagon gyaran bidiyon biki a unguwar Sabonjida cikin Tamale, na yi wata dabara da na ɗauka wayo ce. Har yau ina nadamarta.

Kwamfutar da nake aiki da ita ni na harhaɗa ta. Da yake ba ni da ƙarfin sayen babba, sai na zuga wadda nake da ita ta riƙa gudu fiye da yadda masu ƙera ta suka yanka mata, abin da 'yan sana'a ke kira obakulok. Aiki ya yi sauri, amma ta koma shan wuta kamar dutsen guga. A ƙarƙashin teburi kuma akwai UPS, akwatin batirin nan da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Da na ga mita na lashe yunit, sai na sa shi a tsarin tsimin wuta da suke ce wa eko. Ƙarar fankarsa ta ragu, zafinsa ya ragu, ni kuwa ina ta yabon kaina. Abokina mai gyaran kayan wuta a Nyanshegu ya gani wata rana, ya ce in cire, bai dace da irin kwamfutata ba. Na ce to. Ban cire ba.

Yayana ya rasu ne a haɗarin mota a hanyar Kumasi, ya bar 'yarsa ko yaye ta ba a yi ba. Wayarsa ta salwanta a wurin haɗarin. Bayan shekara biyu, wata Talata da damina, an idar da azahar, sai ga mahaifiyata ta sauka daga yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku, a ƙofar shagona, riƙe da tsohuwar kwamfutarsa ta hannu naɗe cikin zane. Ta ce yarinyar ta fara tambayar babanta, kuma duk hotunansa suna cikin abin nan da ya ƙi kunnuwa.

Na ba ta kujera, na kwance kwamfutar, na ciro faifan ajiyarta na jona a tawa. Yana tashi na ji ƙas, ƙas, ƙas. Duk mai sana'ar nan ya san wannan ƙarar. Faifan na gab da mutuwa, kowane tashi da ya yi zai iya zama na ƙarshe. Abin da ya kamata shi ne in tsayar da komai in fuskance shi. Amma akwai bidiyon wani biki da kwamfutar ke haɗawa tun safe, ni kuma gwani, sai na ce ai za ta iya duka biyun. Na sa kwafe faifan gaba ɗaya, ya fara da tarkacen waƙoƙi da takardun kasuwancinsa na doya.

Ba a yi minti goma ba wuta ta ƙifta. Ƙiftawa kawai, ko fankar sama ba ta tsaya ba. Kwamfutata ta mutu ɗif, ta sake tashi da kanta. Na leƙa ƙarƙashin teburi, UPS na nan da koriyar wutarsa kamar babu abin da ya faru.

Mahaifiyata ta tambaya ko an gama. Na ce saura kaɗan, ban iya kallonta ba. Faifan bai fito ba. Na cire na mayar, shiru. Sai a karo na uku ya tashi, ƙarar ta fi ta ɗazu. Na sake sa kwafewar, na kira abokina.

Tambayarsa ta farko ita ce ko na cire eko. Na ce ban cire ba. Bai yi mini faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ya ce a tsarin eko wutar bango ce ke wucewa kai tsaye zuwa kwamfuta, batir na gefe yana jira, sai wuta ta yanke sannan ya karɓa. Tsakanin yankewa da karɓar akwai ɗan giɓi da bai kai ƙiftawar ido ba. Kwamfutar da aka bari yadda take tana tsallake shi, amma wadda aka zuga, ga nauyin aiki a kanta, nan take faɗuwa. Na ce to bari in rage mata gudu. Ya ce sai an kashe ta ake yin haka, in kuwa na kashe, wa ya ce faifan zai sake tashi?

Na leƙa waje. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara ɗaga kwanon rumfuna, masu talla na rufe kaya da leda. Duk wanda ke zaune a Tamale ya san irin wannan hadarin ba ya barin wuta.

"Ka cire ekon yanzu tana aiki," in ji abokina. "Wajen sauyawa ma za ta iya mutuwa, ba zan rantse maka ba. Amma in ka bari iskar nan ta iso, ni dai ba na son ganin abin da zai faru."

Na durƙusa ƙarƙashin teburi, waya a maƙale a kafaɗa, yatsana a kan maɓalli. Na fi minti ɗaya a haka. Daga inda nake ina ganin ƙafafun mahaifiyata cikin silifas, da ƙarshen carbinta yana motsi. Na yi bisimilla na danna. Akwatin ya yi ƙwas, fankarsa ta tashi da ƙara. Na miƙe har na buga kai da teburi. Kwafewar na tafiya.

Ko numfashi ban gama saukewa ba iska ta iso, aka ɗauke wuta gaba ɗaya. Kwamfutar ba ta ko girgiza ba. Amma batirin ya tsufa, ya nuna abin da ya rage bai wuce minti goma sha biyu ba, ya fara kuka jefi-jefi. Na cire sifiku da allo na biyu da duk abin da ke shan wuta. Na tsayar da kwafe tarkace, na shiga neman abin da ya kawo mu. Na samu wuri biyu. Ɗaya hotunansa ne na shekaru, ɗayan bidiyo guda na ranar sunan 'yarsa. Da irin jan ƙafar da faifan ke yi, lokacin ba zai ishi duka biyun ba.

Nan dole na faɗa wa mahaifiyata gaskiya, na ce ta zaɓa. Ruwa na dukan kwano, sai da na maimaita da ƙarfi. Ba ta ɗau lokaci ba.

"Fuskarsa ina da ita a idona," ta ce. "Muryarsa ce ke ɓace mini."

Na sa bidiyon. Layin kwafewar na rarrafe, ya tsaya, faifan ya yi ƙas, ya ci gaba. Kukan batirin ya fara zuwa kusa da kusa. A wajen kashi tamanin ya tsaya cik har na fidda rai, zufa na ɗiga daga haɓata a kan teburi. Sai ya motsa. Yana kammalawa na sa hotuna, guda huɗu suka shiga, komai ya mutu. Faifan bai sake tashi ba, duk da abokina ya kwana biyu yana fama da shi.

Washegarin wannan Talatar da hantsi muka kalli bidiyon a gidanmu na Moshi Zongo. Ashe yayana ne ya riƙe kyamarar, daga farko har ƙarshe bai fito ba sai hannunsa sau ɗaya. Amma muryarsa ta cika ɗakin. Yana tsokanar mahauci, yana ce wa mata su matsa, yana dariyar rigar da na sa. Can sai ya ce, "Mma, ɗago kanki mana." Mahaifiyata da ke zaune kan tabarma kanta a sunkuye ta ɗago.

Daga baya na gaya mata cewa da na ji maganar abokina, da ban haɗa aiki biyu ba, wataƙila da mun samu komai. Ta ce abin da Allah ya rubuta mana shi muka samu, kada in sake tayar da zancen. Ban sake ba, amma bai bar ni ba. Tsimi ba laifi ba ne, sai dai ni na yi shi ne a kan abin da ban fahimta ba, kuma ba ni kaɗai na ɗauki asarar ba.

Yarinyar tana firamare yanzu. Ta haddace bidiyon kaf, har kwaikwayon dariyarsa take yi. Hotuna huɗun nan kuwa duk na katin shaida ne, ya ɗaure fuska a cikinsu. Kwanan baya ta tambaye ni yadda fuskar babanta take in yana wannan dariyar. Na buɗe baki zan kwatanta mata, na rasa ta inda zan fara.