Ƙwaryar Furar da Nake Mayarwa da Saura

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma ne, ranar Laraba, ranar kasuwar Konni. Mu huɗu ne a tsakar gidana: ni, da yayata da ta zo daga Bazaga, da baffan matata da ya zo daga Alela, sai ita matar tawa a zaune bakin ƙofar ɗakinta, jakar kayanta a ɗaure kusa da ƙafarta. Yau shekara shida ke nan, amma wannan zama ba zai fita raina ba har in koma ga Mahaliccina. Zan faɗi yadda aka kai gare shi daki-daki, don ban iya labari a hargitse ba.

Sana'ata awo. Ina zaune ne a mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, gaban sikeli, ana ɗora buhunan wake da albasa ina duba nauyinsu. Aiki ne na zama. Da safe shayi zagaye uku, kowanne da sukarinsa. Da rana fura cike da ƙwarya. Da yamma balangu da lemon kwalba, sannan in koma gida in tarar da tuwo yana jirana. Ko masallacin da ke bayan gidana a kan moto, wato babur, nake zuwa. Jiki ya buɗe, wuya ya cika, har mutane suka riƙa ce mini Alhaji alhali ban taɓa taka Makka ba. Ban ɓoye muku ba, ina jin daɗin sunan.

Matata ɗiyar makiyaya ce. Duk Laraba danginta kan aiko mata da nono da man shanu, ita kuma ta dama mini furar da babu irinta a unguwarmu. Idan mata suka taru a biki, ana nuna ta ana cewa ga wadda ta iya kiwon miji. Ƙibata ita ce shaidar aikinta na shekara ashirin. Wannan ban gane shi ba sai da lokaci ya ƙure.

Wata rana na sunkuya zan gyara buhu a kan sikeli, sai na ga mangaza tana juyawa. Ƙeyata ta yi nauyi kamar an ɗora mini turmi. Na lallaɓa na tafi likita, wato asibiti. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, ya ɗaura mini abin awon jini a hannu, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya tambaye ni ko akwai mai hawan jini a danginmu. Na ce mahaifina ɓarin jikinsa ne ya shanye, ya yi shekara biyu a kwance ana juya shi kafin Allah ya karɓi abinsa. Majo ya ce, "To, hanyar da ya bi ka ɗauko. Amma kai da sauran damar juyawa."

Ya ba ni ƙwayoyin magani, ya kuma ba ni dokoki. Iyakata aji shida a lakwal, makarantar boko, amma na sa ya maimaita, na rubuta su a bayan karnen likita, wato ɗan littafin asibiti, da ya ba ni. Na farko, a daina sukari a shayi da fura, a bar lemon kwalba. Na biyu, a raba tuwo biyu a ci rabi, kuma a ci da wuri, ba a ci a kwanta ba. Na uku, tafiyar ƙafa ta rabin awa kowace safiya. Na huɗu, a sha ruwa kafin a sa hannu a kwano, a yawaita wake da ganye. Na biyar, a rage gishiri da dunƙulen miya da mai. Ya ƙara da gargaɗi biyu: kada in kashe kaina da yunwa don gaggawa, kada kuma in sayi shayin rage ƙiba da ake tallansa a tasha. Ya ce ƙibar da ta shekara ashirin tana taruwa ba za ta tafi a sati biyu ba.

A nan na yi kuskuren. Na ɓoye karnen da maganin a akwatin sikeli, a can nake haɗiyar ƙwayar. Dalilaina biyu ne. Ɗaya, ba na son a tayar da hankalin gida. Biyu, kuma shi ne na gaskiya, na tashi da ra'ayin cewa maigida umarni yake bayarwa, ba ya bayani. Na shiga gida na ce, "Daga yau kada a sa mini sukari a fura. Kuma rabin ƙwarya ya isa." Ta dube ni ta ce, "Malam, lahiya?" Na ce, "Lafiya lau. Abin da na ce ke nan." Doka ta biyar kuwa na haɗiye ta, don na san babu macen da za a ce wa ta rage gishiri ba ta gane hawan jini ba. Na yi wa kaina dabara cewa idan na rage cin miya, ai na rage gishirin.

Ba ta rage ƙwaryar ba, a cike take kawowa kamar kullum. Ni kuma in sha rabi in mayar. Tuwo in ci rabi in rufe kwano. Da na idar da sallar asuba sai in miƙe hanyar lambuna a ƙafa, in je in dawo. Duk Laraba, kafin 'yan dako su iso, nakan hau sikelin buhuna in auna kaina. Na fara da kilo ɗari da huɗu. Cikin wata uku na sauko casa'in da biyar. Riguna suka fara yi mini yawa. Wani ɗan dako ya ce, "Alhaji, ko buhun ya huje ne?" Wani a tasha ya ja ni gefe ya tambaya a hankali ko na sayar da moto, ganin kullum ina tafe a ƙasa.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, nauyi yana sauka, jinin kuwa ya ƙi sauka. Duk sati biyu majo ya auna sai ya girgiza kai. Ya ce, "Gishiri fa?" Na ce, "Kaɗan nake ci." Na lura dai miyar gidana ta ƙara daɗi, tana ƙyalli a kwano, ga ƙishirwa tana damuna bayan ci, amma ban haɗa wannan da wancan ba. Tsoro ya shige ni. Ko hannuna ne ya ɗan yi sanyi sai in riƙa matsa yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ina tuna mahaifina a kan tabarma, miyau yana zubo masa ta gefen baki.

Ana cikin haka yayata ta zo suna a unguwarmu. Da ta gan ni sai ta tafa hannu ta yi salati. Ba ta tambaye ni komai ba, ta wuce madafa wurin matata. Daga baya na ji abin da ta gaya mata: "Mun ba ki ƙato, kin maida muna kara. In ba ki son zaman ki faɗa, ba sai kin ƙarar da shi ba." Maganar ta bazu a gidan suna. Wasu suka ce matata rowar abinci take mini, wasu suka ce wani abu take zubawa. Ni ban san ana yi ba. Na ga dai matata ta daina hira, na ce a raina halin mata ne. Ashe ta aika wa danginta.

Wannan shi ya kawo mu ranar Laraba. Maƙwabci ne ya zo mangaza ya ce ina da baƙi a gida. Na tarar da su kamar yadda na faɗa. Baffanta tsoho ne siriri, ya haura saba'in, sandarsa a jingine da bango. Bayan gaisuwa ya ce, "Ɗiyarmu ta ce wata uku kana maida mata ƙwarya. A wurinmu, wanda ke maida ƙwarya da saura kullum, mai ƙwaryar ce ta ishe shi. Ba faɗa ya kawo ni ba. Mu muka ba ka, in ka gaji mu ɗauki abinmu cikin mutunci. Motar Alela ƙarfe biyar take tashi."

Yayata ta ce, "Baffa, dubi wuyansa dai. Haka kuka san shi?"

Sai matata ta yi magana, kanta a sunkuye, da baffan take yi ba da ni ba. "Ban san mi na yi mishi ba. Na ce ko girkina ne ya lalace. Na ƙara man shanu, ludayi guda ya koma biyu, ya maido. Na ƙara gishiri, dunƙule biyu ya koma huɗu, ya maido. Har a hura nake narka mai in ɓoye, ko kaɗan da yake sha shi tsaya mishi a jiki. Na gaji."

Abin da ya gagari majo ganewa, ga shi an warware shi a tsakar gidana. Ni ina ragewa da baki, ita tana ƙarawa a tukunya, kowa da kyakkyawar niyyarsa. Duk da haka ta yaya zan buɗe ciwon jikina gaban suruki? Ina nan ina sake-sake sai na ga matata ta miƙe ta ɗauki jaka. Na duba agogo, biyar saura ashirin da biyar. Na ce, "Baffa, don Allah a ba ni minti goma."

Na hau moto na nufi mangaza. Ranar kasuwa ce, amalanken jakuna sun cika hanya, ina kutsawa ina duba agogo, zuciyata tana bugawa har ina jin ta a kunne. Na ce a raina ko dai in faɗi a hanya, ko in dawo in tarar sun tafi. Na ɗauko karnen da ƙwayoyin. Da na dawo sun riga sun fito zaure. A nan, a tsaye, na karanta musu abin da majo ya rubuta da abin da na rubuta, tun daga doka ta farko har ta biyar.

Yayata ce ta fara zama a ƙasa. Ita ta yi jinyar mahaifinmu, ba ta buƙatar a yi mata fassara. Ta rufe fuska da mayafi. Matata kuwa ta ajiye jakar, ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi gaban manya ba. Ta ce, "Ke nan wata uku ina zuba maka ciwo a miya da hannuna, kana kallona? Da ka faɗi, Malam, wa za a ce ya kashe ka?"



Baffan ya ɗauki sandarsa ya ce, "Sa mai kitse mahauci ke sonsa. Makiyayi wanda ke iya tahiya yake so. Rage jikin da ka yi ba laihi ba ne. Laihinka, ka kora garke ba ka gaya wa mai tatsa inda za ka ba." Ya juya ga yayata ya ce, "Ke kuma bakin da ya ɓata a gidan suna, shi zai koma ya gyara."

Na zaci magana ta ƙare, ashe ba ta ƙare ba. Matata ta sake ɗaukar jakarta ta ce an riga an gaya wa innarta tana tafe, za ta je. Ba ta ce ga ranar dawowa ba, ni ma ban ga fuskar tambaya ba. Kwana tara ta yi. A kwana taran nan duk ƙarar motar da na ji sai na leƙa waje.

Ranar da ta dawo ba ta yi dogon zance ba. Ta ce gobe tare za mu je likita. Ta yi wa majo tambayoyin da ni ban taɓa tunanin yi ba. Daga nan ta karɓi ragamar. Ta daina dama mini da kindirmo, ta koma tsala, nonon da aka kaɗe aka cire mansa. Man shanu da ƙaramin cokali take aunawa. Ta rage gishiri, ta cike gurbinsa da daddawa da citta da tafarnuwa. Zogale da kabeji suka zama rabin kwanona. Ta samo ƙaramar ƙwarya ta ce, "Wagga ita ce taka, kuma ban son ganin saura." Cikin wata biyu jinin ya sauko. Yau nauyina tamanin da shida, ina shan maganina, ina tafiyata ta asuba. Yayata ta bi gidajen da ta yi magana ta janye, ta kuma kawo wa matata zabi biyu.

Darasin da na ɗauka guda ne. Rage ƙiba ba aikin mutum ɗaya ba ne, domin mai ci daban, mai tukunya daban. Dokokin majo duka daidai ne, ni ne na kusa mayar da su sanadin mutuwar aurena da tawa, saboda na ga girmana ya fi ƙarfin bayani.

Don haka ina roƙonka, kai mai karatu. Idan likita ya ce ka rage jiki, kada ka fara da kwano. Ka koma gida a ranar, ka kira wadda ke dafa maka, ka zaunar da ita, ka karanta mata takardar tun daga farko har ƙarshe. Sai bayan ta ji ta gane, sannan ka rage loma ta farko.